Fedar juya shafin kiɗa: ƙafar hagu ce za ta shiga makaranta

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Aboabo, nan Kumasi. Ina kaɗa fiyano a wuraren biki da suna, kuma shekara biyu ke nan ina koyon karatun rubutun kiɗa a wajen wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin badujala. Takardu ne damuwata. A wani biki da muka yi a fili a Asawase, iska ta kwashe min shafi biyu ana tsakiyar shigo da amarya, da ka na ƙarasa. Ko babu iska ma, duk sanda zan juya shafi sai hannun hagu ya bar kiɗa, a ji rami. Kwanakin baya na ga wani a Cibiyar Al'adu yana karanta kiɗansa a tabilet, yana taka wani abu a ƙasa, shafi na juyawa da kansa. Ina da tabilet ta Android mai inci 10. Wannan abin zai yi aiki da ita? Yana cin data? Wane iri zan saya? Sannan ƙafata ta dama tana kan fedar jan sauti, to da wace ƙafa zan taka wannan? Allah ya ƙara muku basira.

AMSA

Wa alaikumus salam, ƙanena. Amin, tare da kai, kuma ka gaida min malaminka.

Wannan rami da ka ce ana ji in hannun hagu ya tashi, duk wanda ya taɓa zama gaban fiyano da takarda ya san shi. Shi ya sa har yau a manyan zaurukan kiɗa na Turai za ka ga mutum zaune a hagun makaɗi ba ya kaɗa komai. Aikinsa kawai ya miƙe in an kusa ƙarshen shafi, ya kama kusurwar takarda ta sama ya juya, ya koma ya zauna. Mu nan wa zai ba ka wannan gata? Yaron da ka ɗauko ya taya ka sauke sifika daga aboboya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, da an fara liƙi sai ka neme shi ka rasa.

A taƙaice: e, zai yi aiki da tabilet ɗinka, ba ya cin data, kuma ƙafar hagu ce za ta taka. Amma ka riƙe kuɗinka tukuna. A cikin lamarin nan duka fedar ce abu mafi sauƙi, ita kuma ya kamata ka saya a ƙarshe. Na ga waɗanda suka fara da ita, bayan mako biyu ta koma ƙarƙashin gado tana shan ƙura.

Ka san kibod ɗin kwamfuta da ake buga rubutu da shi? To ka ɗauka an cire masa duk haruffa, an bar maɓalli biyu, an faɗaɗa su yadda ƙafa za ta iya takawa, an ajiye a ƙasa. Fedar ke nan. In ka haɗa ta da tabilet ta Bluetooth, tabilet ba ta san feda ba ce, a wajenta kibod aka jona mata. Ka taka ɓangaren dama, feda ta aika saƙon kibiyar dama, manhajar da ke nuna kiɗan ta ji, ta kawo shafi na gaba. Ka taka na hagu, ta koma baya. Ba ta jin kiɗa, ba ta ƙirga bugu, ba ta san ko kana farkon waƙa ne ko ƙarshenta ba. Sanda ka taka take juyawa, ko lokacin ya yi ko bai yi ba.

Bluetooth kuwa ɗan gajeren rediyo ne tsakanin na'ura biyu da ke kusa da juna, yana tafiya a zangon gigahaz 2.4, nisansa wajen mita 10 in babu bango a tsakani. Babu ruwansa da layin waya, babu ruwansa da intanet. Ko ka cire sim gaba ɗaya, ko an kai ka biki ƙauyen da babu sabis, shafi zai juya. Data sai ranar sauke manhaja, da kuma lokacin da kake sauko da takardun kiɗa daga wani wuri.

Akwai abin da ke ruɗa sababbin shiga. Ba saƙo iri ɗaya duk manhajoji ke jira ba. Wata kibiyar hagu da dama take saurare, wata ta sama da ƙasa, wata kuma maɓallan nan biyu na tsallake shafi da ke gefen kibod. Don haka masu ƙera feda kan sa mata zaɓi da yawa, da ɗan maɓalli ko fitila mai nuna wanda kake kai. Yawancin fedojin da aka kawo min ana cewa sun mutu, lafiyarsu ƙalau, suna magana ne da yaren da manhajar ba ta ji. A sauya zaɓi, magana ta ƙare.

Tunda kibod ce, ga gwajin da ba zai ci maka ko pesewa ɗaya ba. Ari kibod ɗin kwamfuta, na Bluetooth ko na igiya wanda za ka jona da ɗan mahaɗin OTG da ake samu a kowane shagon waya. Buɗe kiɗanka, danna kibiyar dama. In shafi ya juya, feda ma za ta juya shi. Ka kuma kula da saurin juyawar. In ka danna sai tabilet ta tsaya tunani kafin sabon shafi ya bayyana, wannan nawar ba feda ce za ta gyara ta ba, ko da ta zinariya ce.

Kada ka dogara da manhajar da kake buɗe PDF na yau da kullum da ita. Irin waɗannan don karatun wasiƙa aka yi su, ka danna kibiya sai su ɗan gusa layi biyu uku maimakon su kawo shafi sukutum. Akwai waɗanda aka yi musamman don makaɗa. Mutumin da ka gani, in iPad ce a gabansa, ina kyautata zaton forScore yake amfani da ita. Ta fito tun 2010, shekarar da iPad ta farko ta shigo kasuwa, sai dai kayan Apple kaɗai take hawa. Kai mai Android, MobileSheets ce taka. Ta kuɗi ce, amma tana da ta gwaji kyauta mai ɗaukar waƙoƙi 'yan kaɗan, wadda ta isa ka gane ko tafiyar za ta yi. A cikin saitinta akwai wurin feda, inda za ka taka ka nuna mata cewa wannan takun gaba ne, wancan baya.

Abin ba sabo ba ne kamar yadda kake zato. Wata ƙungiyar masu goge su huɗu a Amurka, Borromeo, ta koma karanta kiɗa a laftof da feda tun 2007, kafin a san da iPad. A 2012 kuma babbar ƙungiyar kiɗa ta birnin Brussels na ƙasar Beljiyam ta hau dandamali da tabilet ɗin Samsung a madadin takarda. Duk tuntuɓen da za ka yi, wasu sun riga ka yinsa, shi ya sa manhajojin suka zo da maganin mafi yawansu a ciki.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe, wato girman fuskar tabilet ɗinka. Takardar A4 da ka saba da ita faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7. Tabilet ta Android mai inci 10, in ka tsayar da ita, faɗin fuskarta bai cika santimita 14 ba, tsawon kuma wajen 22. Ke nan shafinka zai tsuke ya koma kusan kashi biyu cikin uku na girmansa. Ga mai rera waƙa da ke riƙe da ita a hannu yana karanta baituka, wannan ba komai ba ne. Amma kai layi biyu kake karantawa lokaci guda, na hannun dama da na hagu, daga nisan hannu guda, sau da yawa kuma a ƙarƙashin rumfa da fitila ɗaya. Baƙaƙen ɗigon nan za su koma kamar ƙwayar gero, alamar ɗaga sauti da alamar soke ɗagawar su riƙa yi maka kama da juna. Wannan ne dalilin da ya sa masu fiyano da ke da hali suke sayen iPad mai inci 12.9 ko 13, wadda fuskarta ta kusa santimita 20 a faɗi da 26 da 'yan kai a tsaye, ko babbar Samsung mai inci 14.6.

Ban ce ka je ka ci bashi ba. Da wadda ke hannunka ma akwai dabara. Ta farko, yanke farin gefen takarda. Wannan filin da mai ɗab'i ya bari a dama da hagu da sama da ƙasa ba kiɗa ba ne, wurin riƙewa ne da wurin ɗinki, kai kuma ba ka bukatarsa. Manhajar tana iya datse shi, rubutun ya buɗe ya cika fuska. Ta biyu, kwantar da tabilet ɗin. In ta kwanta faɗinta ya zama santimita 22 ɗin nan, daidai da faɗin A4, sai rubutun ya dawo girmansa na ainihi. Kuɗin da za ka biya shi ne abin da za ka riƙa gani bai kai rabin shafi ba, don haka juyawa za ta ninka sau biyu ko uku. A nan ne feda take tashi daga ado ta zama dole.

Akwai kuma wani salo da nake ganin shi ne babbar kyautar da tabilet ta kawo wa makaɗa, abin da takarda ba za ta taɓa iya yi ba: juya rabin shafi. Bari in kwatanta maka. Kana shafi na 3, idonka ya sauko rabin ƙasa. Ka taka feda. Rabin sama kaɗai zai sauya ya zama saman shafi na 4, rabin ƙasan da kake karantawa yana nan bai motsa ba. Ka ƙarasa layin ƙarshe hankali kwance, ka ɗaga ido sama, ka tarar da ci gaban yana jiranka. Kana cikin wannan saman sai ka sake takawa, ƙasan ma ya koma shafi na 4. Ka ga babu sauran wannan ɗan lokaci na fargaba da dole sai an juya a daidai bugu ɗaya. Kana da layi biyu ko uku da za ka taka a ko'ina cikinsu. Kwana biyun farko idonka zai riƙa rikicewa, zai ga sama da ƙasa ba su dace ba ya yi zaton kuskure ne. Wani lokaci kuma layin da ya raba shafin yakan faɗa a tsakiyar rubutu ya yanka shi, sai ka ja shi sama ko ƙasa ya zauna a fili tsakanin layuka. Da ni ne kai, da wannan salon zan fara, in tsayar da tabilet, in datse gefe, in ga ko idona zai ɗauka kafin in koma kwantar da ita.

Sai maganar komawa baya. Rubutun kiɗa cike yake da alamun a koma wuri kaza a maimaita, domin mai ɗab'i yana tattalin takarda. Tabilet ba ta da wannan talauci. Ƙa'idata ita ce, a gaban jama'a gaba kawai ƙafa take takawa. In waƙa ta ce daga ƙarshen shafi na 3 a koma na 2, kada ka bar wa ƙafarka wannan lissafi. Shiga wurin jera shafuka ka rubuta mata 1, 2, 3, 2, 3, 4, sannan ka sa jan alƙalami ka soke abin da ba a kaɗawa a zagaye na biyu. Ɓangaren hagu na feda na gyara kuskure ne kawai.

Kiɗan bikinmu yana da nasa hali wanda babu manhajar da ta san shi. In uwar amarya ta shigo fili aka fara liƙi, babu mai ce maka sau nawa za a maimaita amshi, sai kuɗi sun ƙare ko mai gabatarwa ya ɗaga hannu. Irin wannan wuri ka tattara amshin duka a shafi guda, ko ka haddace shi, ƙafarka ta koma gefe ta huta har a gama.

Wajen mayar da takardunka cikin tabilet, ka ɗauki hoton da rana a inuwa, takarda a shimfiɗe, waya a saitin tsakiyarta ba a karkace ba, ka adana shi baƙi da fari. Hoto mai launi nauyi gare shi, shi ne ke sa ƙaramar tabilet nawa wajen juyawa. In wani zai turo maka ta WhatsApp, ya turo a matsayin takarda, domin in ya turo a matsayin hoto manhajar takan matse shi, ƙananan alamomi su dushe. Tsofaffin kaɗe-kaɗen da ake koyon fiyano da su kuwa, akwai rumbun intanet mai suna IMSLP da aka kafa a 2006, inda ake sauke waɗanda haƙƙin mallakarsu ya ƙare kyauta. Na masu rai da waɗanda ba su daɗe da rasuwa ba, a kiyaye: dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005 tana kare aiki tsawon ran mai shi da shekara 70 bayansa. Ɗaukar hoton littafin da ka saya don karatunka daban, raba shi a zauren WhatsApp daban.

Tunda zancen ya zo, tsofaffin 'yan badujala da yawa suna da littattafan da suka kwafa da hannunsu, tawada ta fara koɗewa, gara da laimar damina suna ci. In malaminka yana da irinsu, ka nemi izininsa ka ɗauke su tun yanzu. Wannan kaɗai ya isa dalilin mallakar tabilet.

To, ƙafa. Kada ka yi tunanin dama za ta yi aiki biyu, taura biyu ba ta taunuwa. Dama tana kan fedar jan sauti, a bar ta can. Fedar shafi ta zauna a hagu, da tazarar tafin ƙafa guda tsakaninsu don kada wata ta shiga gonar wata. Kuma ka zauna a kujera. Na san yawancin masu fiyanonmu a tsaye suke kiɗa don a gan su, amma mai tsayuwa da ke taka fedar dama, nauyinsa duka a kan hagu yake. Ka ce ita ma ta ɗaga, to a kan me za ka tsaya?

Akwai tarko ɗaya da ya kama ni, kuma ina jin zai kama ka. Da yawa daga cikinmu da ƙafar hagu muke riƙe bugu, tana dukan ƙasa ba mu ma sani ba. Ka sa mata feda a ƙarƙashi, kafin ka gama baiti ɗaya ta kai ka shafi na 9. Maganin shi ne fedar ta ɗan koma gefe, yadda sai ka juya ƙafa a kan diddige kafin ka same ta. Diddige a ƙasa, yatsu su je su taka su dawo gida. Takun kuma gajere ne, kamar mai taɓa tukunya ya ji ko ta yi zafi. In ka danne ka riƙe, wasu fedojin sukan ɗauka kana son maimaici ne, kamar yadda harafi ke ta fitowa in ka danne shi a kibod, sai shafuka su yi ta gudu. In fedarka ko manhajarka tana da wurin kashe maimaici, kashe shi tun ranar farko.

Ka tambayi duk direban turoturo ranar da ya fara koyon kuloci, ko telan Kejetia ranar da ya fara hawa keke. Ƙafa takan yi gardama, in ta motsa hannu ya tsaya. Haka za ka ji, kuma ba laifin na'ura ba ne. Ɗauki waƙar da ka riga ka haddace, mai shafi huɗu ko biyar, ka kaɗa ta a hankali kana juyawa, minti goma kullum, mako biyu. A kowane shafi sa jan ɗigo babba a wurin da za ka taka. In cikakken shafi kake juyawa, zaɓi wurin da akwai shiru ko dogon sauti kusa da ƙarshe, ka haddace gaɓar ƙarshe don ka juya kafin ka iso ta, kamar yadda mai juya shafi na mutum yake yi. A mako na biyu ka riƙa yin kuskure da gangan: taka sau biyu, ka dawo baya, hannu bai tsaya ba. Wannan atisayen shi zai fitar da kai kunya wata rana. Ka yi shi kuma da takalmin da za ka sa ranar biki. Ƙafar da ta koya da silifas ba ta jin feda a cikin sau-ciki mai kauri, kuma in doguwar riga za ka sa, bakinta zai rufe fedar, sai da lalube.

In ka kai nan kana nan a kan bakanka, sai saye. Sunayen da suka yi fice su ne AirTurn da PageFlip da iRig BlueTurn, sai Donner da tarin marasa suna da suka fi su araha. AirTurn DUO batirinta a ciki yake, caji ake yi, kuma takunta ba ya ƙara. PageFlip Firefly batir AA biyu take ci, tana da 'yar fitila, kuma tana iya aiki da igiyar USB in Bluetooth ya ƙi. BlueTurn ƙarama ce, AAA biyu, maɓallanta masu haske ne, amma wasu masu babban takalmi sukan ga ta yi musu kaɗan. Ni a ganina, ga mai kiɗan biki a Kumasi, mai batirin cirewa ta fi kwanciyar hankali. In dumsor, wato ɗauke wuta, ta hana ka caji daren jajibiri, kowane kiyos yana da batir. Sai dai ka sayi mai kyau, ka kuma cire shi in za ka ajiye fedar ta daɗe, domin ruwan batir yana cin ƙarfen ciki. Rashin ƙara kuwa, kada ka biya kuɗinsa in a fili kake kiɗa, wa zai ji ƙas a gaban sifika shida? In kana shiga situdiyo ɗaukar sauti da makirfo a kusa, a nan ne yake da daraja.

Ka zaga shagunan kayan kiɗa da na waya a Adum, in ba a samu ba a yi maka aike daga Ankara, babban birninmu, ko wajen wani mai dawowa daga waje. In a shago ne, tafi da tabilet ɗinka da takalminka. Ajiye fedar a ƙasa, ba a kan kanta ba, ka taka sau ashirin kana ƙirgawa, ka duba ko shafi ashirin cif suka wuce. In ta tsallake ɗaya ko ta ninka ɗaya, bar musu kayansu. Duba kuma nauyinta da robar gindinta. Mara nauyi a kan tayil, kafin a gama waƙa uku ta yi tafiyarta ƙarƙashin teburin wani. Guntun kafet ko tabarmar roba ta mota yana maganin wannan.

Bari in ba ka labarin kunyar da na sha. Wani biki ne da dare, na shirya komai, na gwada a gida lafiya. Aka fara, na taka, shiru. Na sake takawa, shiru, fitilar feda kuwa tana nuna a haɗe take. Ashe kwana biyu kafin nan na gwada ta da wayata, ita kuma ta riƙe wannan zumunci. Da na kunna ta sai ta kama wayar da ke aljihuna, ta ƙyale tabilet. Da yatsa na ƙarasa wannan waƙar, ramin da kake kuka da shi ya dawo har da riba. Tun ranar, feda da na'ura ɗaya kawai nake haɗa ta, sauran duk na goge ta daga cikinsu.

Ire-iren wannan suna da ɗan yawa, amma duk ƙanana ne. Feda takan yi barci in an daɗe ba a taka ta ba, don tattalin batir, kuma bikinmu akwai dogon jawabi da rabon abinci da tashi sallar magariba. Takun farko bayan barci sau da yawa farkar da ita kawai yake yi, ba ya juya komai, don haka kafin kowace waƙa taka gaba ka taka baya ka tabbatar. Za ka kuma lura in feda tana haɗe, kibod ɗin kan fuska yakan ƙi fitowa in kana son rubuta sunan waƙa, tunda tabilet tana zaton ka riga ka jona naka. A Android akwai wurin da za ka ce ya riƙa fitowa duk da haka, a cikin saitin kibod. Kafin a fara, sa tabilet a yanayin jirgin sama sannan ka sake kunna Bluetooth shi kaɗai, don kada kiran WhatsApp ya rufe maka shafi ana tsakiyar rawa. Jera waƙoƙin ranar a jeri guda a cikin manhaja, yadda in ka taka a ƙarshen ɗaya ta biyu za ta fito. Duk wannan a gida ake yinsa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Rana ita ce babbar abokiyar gaba. Apple da kansu sun ce iPad ta yi aiki tsakanin digiri 0 da 35, sauran ma ba su yi nisa da haka ba, kai kuwa ka san zafin Fabrairu da Maris a garin nan. Tabilet da rana ke duka kai tsaye, ga haske an ƙure don a iya gani, takan rage hasken da kanta ko ta kashe fuska sai ta huce. Nemi inuwa, cire mata riga mai kauri, kuma ka tafi da fawa banki, domin hasken fuska ne ke shan batir, ba Bluetooth ba. Lokacin hunturu ka riƙa goge feda kana ajiye ta a jaka, ƙura tana shiga ƙarƙashin matakin. Wannan ɗan allon roba da ke kan fiyano kuma don takarda aka yi shi. Mai rawa ɗaya ya bangaji ƙafar fiyano, takarda ta faɗi a ɗauka, tabilet ta faɗi a kai ta Adum gyaran gilashi. Nemi mariƙi mai matsewa. In ka tashi sallah kuma, ka tashi da ita.

Ba kowa feda take yi wa amfani ba. Malaminka zai gaya maka ɗan badujala da ke maci ba shi da ƙafar bayarwa, ɗan katinsa da ke maƙale a jikin begila ya fi masa. Mai ogan irin ta coci da ke kaɗa sautin ƙasa da ƙafafu biyu, da mai jerin ganguna na zamani, su ma haka. Irinsu ne forScore ta yi wa hanyar juya shafi da motsin fuska, kyamara tana kallo ka kashe ido ko ka karkata baki, amma sai mai iPad da ke biyan kuɗin shekara. Mai jita kuwa, da mai bege da hannunsa biyu ke kan mandiri yana bin dogayen baituka, feda ta fi yi musu sauƙi fiye da kai, tunda ƙafafunsu duka a sake suke.

Biki uku na farko ka tafi da takardunka a jaka, a jere yadda waƙoƙin suke, da abin matse kayan shanya guda huɗu saboda iskar Asawase. Bayan na ukun ka sake rubuto min, ka faɗa min a wane shafi ƙafar ta fara yi maka gardama.